SHARHINMU: Dana Gioia, Sha'irin Da Ya Nemi A Mayar Wa Jama'a Da Waƙarsu

A cikin watan Mayu na shekarar 1991 wata tsohuwar mujalla ta ƙasar Amurka mai suna The Atlantic ta buga wata maƙala wadda ta tayar da ƙura tsakanin malaman adabi na ƙasar, ƙurar da har yau ba ta gama kwantawa ba. Taken maƙalar tambaya ce, Can Poetry Matter?, wato shin rubutacciyar waƙa tana da sauran wani tasiri a rayuwar jama'a? Wanda ya rubuta ta kuwa ba shehin malamin jami'a ba ne a lokacin, ma'aikaci ne a wani kamfanin sarrafa kayan abinci, sunansa Dana Gioia, ana furta shi Joya. Wasiƙu fiye da 400 suka kwararo ofishin mujallar, kuma abin lura shi ne da yawansu ba daga jami'a suka fito ba, daga masu karatu ne na gama-gari waɗanda suka ce mutumin ya sosa masu inda yake yi masu ƙaiƙayi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa wannan shafi da rigimar mawaƙan Amurka? Amsa ita ce, tun daga watan Maris na 2025 da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, tambayar da ke gaban hukumomin ilmi da gidajen rediyo da mu 'yan jarida ita ce, wace Hausa za a sa a bakin yara, kuma ta wace hanya? Mu a ganinmu rubutacciyar waƙa mai kari da amsa-amo tana cikin manyan amsoshin wannan tambaya, shi kuwa wannan bawan Allah ya shafe kusan shekara 40 yana gwada abin da muke magana a kai, ya ci nasara a wani wuri, ya sha ƙasa a wani. Ya kamata mu san labarinsa.

An haifi Gioia ranar 24 ga Disamba, 1950, a garin Hawthorne da ke gefen birnin Los Angeles a jihar Kaliforniya. Mahaifinsa ɗan asalin tsibirin Sisili ne na Italiya, ya yi tuƙin tasi, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin Meziko ce, tana aiki a kamfanin wayar tarho. Gida ne na masu neman na yau da na gobe, kuma shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Abubuwa biyu ya sha faɗa cewa su suka jawo shi ga adabi. Na ɗaya, wani kawunsa ma'aikacin jirgin ruwa da ya rasu ya bar tarin littattafai da faya-fayen garmaho a gidan. Na biyu, mahaifiyarsa, wadda ba ta yi zurfin karatu ba amma ta haddace waƙoƙi tun tana makaranta, tana kuma rera su a gida. Ke nan ta kunne waƙa ta fara shigarsa, ba ta takarda ba, kuma duk abin da ya yi daga baya a kan wannan tushe ya ɗora shi.

Ya gama digirin farko a Jami'ar Stanford a 1973, ya wuce Harvard inda ya sami digiri na biyu a fannin kwatanta adabi a 1975. A can ya yi karatu a gaban Robert Fitzgerald, wanda ya fassara waƙoƙin Homer na tsohuwar Girka zuwa Turanci, da kuma shahararriyar sha'ira Elizabeth Bishop. Hanya ta miƙe masa ya zama dakta ya kama koyarwa, sai ya juya baya. Dalilinsa shi ne ya lura ana horar da shi ya riƙa magana da wani irin harshe wanda malaman jami'a kaɗai ke fahimta, mutanen da ya taso a cikinsu ba za su gane ko kalma ɗaya ba. Ya koma Stanford ya karanta harkar kasuwanci, ya gama a 1977, ya kama aiki da kamfanin General Foods a jihar New York. Shekara 15 ya yi a can har ya kai muƙamin mataimakin shugaba, yana tallar kayan zaƙi irin su Jell-O da rana, da dare da ƙarshen mako kuma yana rubuta waƙa. Ba shi ne farau ba, domin kafinsa Wallace Stevens ya yi aikin kamfanin inshora, T. S. Eliot kuma ya yi aikin banki a Landan. Ya daɗe yana ɓoye wa abokan aikinsa cewa shi sha'iri ne, sai a 1984 da mujallar Esquire ta sa sunansa cikin jerin matasan da ke tashe asirinsa ya tonu.

Kafin a gane abin da ya sa littafinsa na farko, Daily Horoscope, wanda ya fito a 1986, ya jawo masa zagi, sai an san halin da waƙar Turanci take ciki a lokacin. Ɗaruruwan shekaru waƙar Turanci tana tafiya a kan ma'auni. Nasu karin ya bambanta da namu. Mu, kamar Larabawa, muna auna tsawon gaɓa ne, mai nauyi da marar nauyi, su kuwa suna ƙirga inda murya take dannawa ne, kuma karin da ya fi shahara a wurinsu shi ne ɗango mai gaɓa 10 da dannawa 5, wanda Shakespeare ya rubuta wasanninsa da shi. A 1855 Walt Whitman ya fito da waƙa marar kari marar amsa-amo, a farkon ƙarni na 20 su Ezra Pound suka ƙara mata ƙarfi, kafin a kai shekarun 1970 ta mamaye mujallu da ajujuwa, har ya zama ana iya yaye ɗalibi da digirin rubuta waƙa bai taɓa koyon auna ɗango ba. Larabawa ma sun ga irin wannan guguwa daga 1947, lokacin da Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab na Iraƙi suka sassauta ƙa'idar baiti, ko da yake su ba su yar da ƙafar kari gaba ɗaya ba.

To, a cikin wannan yanayi ne wasu matasa, cikinsu har da Gioia, suka dawo da kari da amsa-amo da ba da labari a cikin waƙa. Aka yi masu ca. Wasu masu suka suka ce wannan koma-baya ne, wasu suka ɗaura su a gindin siyasar Shugaba Ronald Reagan, wai duk mai auna ɗango ɗan ra'ayin riƙau ne, balle wanda ke sa kwat yana zuwa ofishin kamfani. Mu dai ba mu ga inda ƙirga gaɓa ya zama katin jam'iyya ba. A nan yankinmu Malam Sa'adu Zungur da kari da ƙafiya ya girgiza sarakuna da Turawa, kuma ba wanda ya isa ya kira shi ɗan koma-baya. Gioia ya mayar da martani a 1987 a mujallar Hudson Review, inda ya nuna cewa kari kayan aiki ne, ba aƙida ba, kuma asalinsa don kunne aka yi shi, don maganar ta zauna a zuciya. Ya kamata a sani kuma shi kansa bai haramta wa kansa waƙa marar kari ba, akwai ta da dama a cikin littattafansa. Abin da ya ƙi shi ne a ce hanya ɗaya ce tak.

A ƙarshen 1987 ɗansa na fari ya rasu yana da wata 4, irin mutuwar nan ta fuju'a da ke ɗauke jarirai cikin barci. Ya daɗe bai iya rubuta komai ba. Da ya dawo, sai ya fito da littafinsa na biyu, The Gods of Winter, a 1991, wanda a ciki akwai waƙar da ta fi kowace shahara cikin waƙoƙinsa, Planting a Sequoia. Mutanen Sisili suna da al'adar dasa itacen zaitun ko ɓaure idan an haifi ɗan fari, shi kuwa da 'yan'uwansa suka dasa wata irin itaciya ta Kaliforniya wadda ke rayuwa dubban shekaru, ba don murnar haihuwa ba, don tunawa da wanda ya tafi. Duk wanda ya taɓa binne jariri, kuma a ƙasashenmu su waye ba su taɓa ba, zai gane abin da ya sa wannan waƙa ta fita daga aji ta shiga gidajen mutane. A 1992 ya ajiye aikin kamfani da albashinsa mai tsoka ya rungumi rubutu kaɗai.

Mu koma ga maƙalar 1991, don ita ce zuciyar maganar. Shekara 3 kafin ita wani marubuci, Joseph Epstein, ya riga ya yi tambayar wa ya kashe waƙa, amma Gioia ya bi ta wata hanya dabam. Bai ce waƙa ta mutu ba. Cewa ya yi ba a taɓa buga littattafan waƙa da mujallu da raba kyaututtuka da yawa kamar a lokacin ba, amma duk wannan hada-hada a cikin gida ɗaya ake yin ta. Tun da aka buɗe sashen koyar da ƙagaggen rubutu a Jami'ar Iowa a 1936, irinsa suka yaɗu ko'ina, sha'irai suka zama malamai, malami kuwa sai ya buga littafi ake ƙara masa girma, saboda haka yawa ya zama abin nema, ba kyau ba. Mai sharhin littafi abokin marubucin ne, gobe shi ma zai nemi a yi masa, don haka ba ka jin komai sai yabo. Mai tara waƙoƙi a kundi yana zaɓen na waɗanda zai buƙaci alfarmarsu. A taron karatun waƙa kowa tasa kaɗai yake karantawa, masu sauraro kuma mawaƙa ne da ɗalibansu. Manyan jaridu suka daina sharhin waƙa, mai karatu na gama-gari, likita da lauya da malamin firamare da ɗan kasuwa, ya tattara nasa ya nasa ya tafi.

Wanda duk ya taɓa halartar bikin ƙaddamar da littafi a garuruwanmu, inda mai sharhi zai yi awa guda yana kirari, attajirai su sayi kwafi ɗaya da kuɗi masu yawa, washegari kuma ka bi kasuwa kaf ba ka sami littafin ba, ya san wannan ciwo ba na Amurka ba ne kaɗai.

Bai tsaya ga kuka ba, ya kawo shawarwari guda 6, kuma babu wadda ke buƙatar dukiya a cikinsu. Ya ce sha'iri in ya hau mumbari ya karanta waƙar wani, ba tasa kaɗai ba. Ya ce masu sharhi su faɗi gaskiya ko da za ta ɓata zumunci, masu tara kundi kuma kada su sa waƙar da ba ta burge su da gaske ba, a kuma riƙa gwama waƙa da kiɗa da sauran fasahohi a taro. Amma biyu ne suka fi jan hankalinmu. Ɗaya ita ce malaman makaranta su rage fiɗar waƙa kamar ana fiɗar akuya, su ƙara sa yara haddacewa da rerawa. Ɗayar kuma ita ce a yi amfani da rediyo, domin waƙa abar ji ce, rediyo kuma shi ne hanyar da ta fi araha wajen kai murya inda littafi ba ya zuwa. Shi kansa ya yi shekaru yana yi wa rediyon BBC sharhi a kan al'adun Amurka. Mu da muke aiki a ƙananan gidajen rediyon al'umma, waɗanda suka fara da na Bankilare a 1999 suka yaɗu a karkarar Nijar, ba sai wani Ba'amurke ya gaya mana ƙarfin akwatin rediyo ba, amma abin kunya ne a ce shi da ke ƙasar da kowa ya iya karatu ya ga haka, mu kuwa muna cika sa'o'inmu da gaishe-gaishe da faifan da aka ɗauko daga waya.

Aikinsa na edita bai kai waƙoƙinsa suna ba, amma mai yiwuwa ya fi su isa ga jama'a. Shi da sha'iri X. J. Kennedy suka riƙa shirya manyan littattafan koyar da adabi waɗanda ɗaliban kwalejojin Amurka suka yi shekaru suna karantawa. Ya tono ayyukan Weldon Kees, wani marubuci da ya ɓace a 1955 aka tsinci motarsa kusa da gadar Golden Gate, ya tattara gajerun labaransa ya buga a 1984 bayan an kusa mantawa da shi. Ya fassara waƙoƙin Eugenio Montale daga Italiyanci, ya kuma shirya kundin waƙoƙin jiharsa ta Kaliforniya tare da wasu. A 1995 shi da Michael Peich suka kafa taron shekara-shekara a Jami'ar West Chester ta jihar Pennsylvania, inda aka riƙa koyar da aunin waƙa kamar yadda ake koyar da kowace sana'a, ga gwani ga almajiri.

Wannan aiki na edita mu ma mun san darajarsa. Waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu da ke cikin Fasaha Aƙiliya sun zo hannunmu ne saboda Ɗalhatu Muhammad ya zauna ya tattara ya shirya su aka buga a 1977. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salga, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, ya bar waƙoƙi na Hausa da Larabci, ciki har da wadda ya yi a kan zuwan Nasara da wadda ya yi a kan talauci da wadata, amma yara nawa ne a zangon Kumasi ko na Akara za su iya kawo baiti ɗaya nasa? A Yamai, a cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni, akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Tarawa mataki ne na farko. Saura wanda zai zauna ya juya su zuwa boko, ya gyara, ya yi bayanin kalmomin da suka tsufa, a buga a ƙaramin littafi mai sauƙin kuɗi.

A watan Janairu na 2003 Gioia ya zama shugaban Hukumar Tallafa wa Fasaha ta Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NEA, bayan Shugaba George W. Bush ya gabatar da shi. Hukumar tana cikin halin ni-'yasu a lokacin. Tun bayan rigimar da ta tashi a kan wasu hotuna da majalisa ta ce na batsa ne da saɓo, aka datse kuɗinta a 1996 daga dala miliyan 162 zuwa ƙasa da miliyan 100, wasu 'yan majalisa ma so suke a rufe ta. Dabarar da ya yi ta ɗan kasuwa ce. Ya tabbatar tallafin hukumar ya isa kowace mazaɓa ta majalisar wakilai, yadda babu ɗan majalisar da zai ce mutanensa ba su amfana ba. Ya tura ƙungiyoyin wasan kwaikwayo su kai Shakespeare ƙananan garuruwa da barikokin soja. Ya ƙirƙiro shirin The Big Read, inda gari guda zai zaɓi littafi ɗaya kowa ya karanta a tattauna. Lokacin da ya sauka a Janairun 2009 kuɗin hukumar na shekarar ya kai dala miliyan 155.

A 2004 hukumar ta fitar da wani rahoto da ya girgiza ƙasar, wanda ya nuna cewa manyan da ke karanta adabi sun ragu daga kashi 56.9 cikin 100 a 1982 zuwa kashi 46.7 a 2002. Amsar da ya bayar a ɓangaren waƙa ita ce gasar Poetry Out Loud, wadda aka gwada a 2005, ta game ƙasa a 2006, tare da haɗin gwiwar gidauniyar Poetry Foundation. Tsarinta ba wuya. Ɗalibin sakandare zai zaɓi waƙa daga cikin kundin da aka tanada, ya haddace, ya tsaya gaban jama'a ya kawo ta da ka. Daga aji zuwa makaranta, daga makaranta zuwa jiha, daga jiha zuwa birnin Washington, inda zakara ke samun dala 20,000. Masana ilmi da yawa sun yi wa abin dariya da farko, suka ce hadda tsohon yayi ce, yaran zamani ba za su yi ba. A cikin shekara 20 ɗalibai fiye da miliyan 4 suka shiga.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma jaridar da ta yaba wa mutum saboda ya ce masu sharhi su daina kirari bai kamata ita ta ɓige da kirari ba. Alƙaluman hukumar tasa sun nuna cewa masu karanta waƙa musamman ba su ƙaru ba a zamaninsa, raguwa suka yi, daga kashi 12.1 a 2002 zuwa 8.3 a 2008, suka gangara 6.7 a 2012. Karatun adabi gaba ɗaya ya ɗan ɗaga zuwa kashi 50.2 a 2008, aka yi ta murna, daga baya ya sake sauka. A 2017 ne masu karanta waƙa suka haura zuwa kashi 11.7, matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 suka ninka, wasu suka ce yaran da gasar ta horar ne suka girma, wasu suka ce aikin wayar hannu ne da gajerun waƙoƙin da ke yawo a Instagram, waɗanda galibinsu ba kari ba amsa-amo. A 2022 adadin ya koma 9.2. Ke nan gasa ita kaɗai ba ta juya akalar al'umma.

Akwai kuma maganar siyasa. Ya hau kujera ne ana shirin yaƙin Iraƙi, a daidai lokacin da uwargidan shugaban ƙasa Laura Bush ta ɗage wani taron waƙa da ta shirya a fadar White House a Fabrairun 2003, saboda sha'iran da aka gayyata sun shirya mayar da shi zanga-zangar ƙin yaƙi. Shirinsa na Operation Homecoming, wanda ya tura marubuta su koya wa sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan rubuta abin da suka gani, da kuɗin kamfanin Boeing aka yi shi, kamfanin da ke ƙera jiragen yaƙi. Masu suka sun ce ya sayi zaman lafiyar hukumar ne da kauce wa duk fasahar da za ta ɓata wa masu mulki rai, kuma a ganinmu wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Shakespeare ya mutu tun 1616, ba zai fito ya zagi kowa ba. Kuma abin da gwamnati ta gina gwamnati tana iya rushewa, domin a watan Mayu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta soke tallafi da dama da hukumar ta riga ta yi alkawari, ta kuma nemi majalisa ta rufe ta ɗungurungum.

Wani abin da abokan hamayyarsa ke yi masa gori da shi shi ne, mutumin da ya yi suna da sukar jami'a shi ma ya ƙare a farfesa, domin daga 2011 zuwa 2019 ya riƙe kujerar koyar da waƙa da al'adun jama'a a Jami'ar Kudancin Kaliforniya. Wannan gori bai kama shi sosai ba. Bai taɓa cewa jami'a mugun wuri ce ba, cewa ya yi kada ta zama ita kaɗai ce gidan waƙa. Kuma da Gwamna Jerry Brown, wanda ba ɗan jam'iyyar Bush ba ne, ya naɗa shi sha'irin jihar Kaliforniya a 2015, sai ya ɗauki mota ya zagaye gundumomi 58 na jihar ɗaya bayan ɗaya, yana taro a ɗakunan karatu na ƙauyuka tare da mawaƙan wurin da yaran makaranta. Wannan ba halin mai son kujera ba ne. Bai kuma daina rubutu ba, littafinsa Interrogations at Noon na 2001 ya ci kyautar American Book Award, ya fitar da 99 Poems a 2016 da Meet Me at the Lighthouse a 2023.

To ina muka tsaya mu? Kada a ɗauka ciwonmu da nasu iri ɗaya ne. Su kari ne ya ɓace masu suka tashi nemansa, mu kuwa namu bai taɓa barin kunnen jama'a ba. Yana nan a Ishiriniya da Burda da ake rerawa, yana nan a Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi wadda makafi suka yaɗa ƙofa-ƙofa, yana nan ma a bakin matasa masu waƙar zamani da 'yan rap na Yamai da Damagaram, waɗanda ke bin amsa-amo ko da ba su san sunansa ba. Gioia ma ya lura da irin wannan a littafinsa Disappearing Ink na 2004, inda ya nuna cewa yayin da malamai ke cewa amsa-amo ya mutu, ga shi ya dawo da ƙarfinsa ta bakin 'yan rap da makiyayan shanu na yammacin Amurka, ba tare da izinin kowace jami'a ba. Hanyar hadda ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara, jajis suna haddacewa su koma ƙauyukansu su koyar. A Kano ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin ta rediyo ta riƙa isar da waƙoƙin mambobinta.

Abin da ya ɓace mana shi ne gadar da ke tsakanin wannan gado da yaron makarantar boko. Duk wanda ya bi ta lakkwal a Nijar ko Kamaru ko Cadi ya haddace tatsuniyoyin La Fontaine cikin Faransanci, ya tsaya gaban aji ya kawo su da ka, kuma da yawanmu har yau suna nan daram a kai bayan shekara 30. Wannan kaɗai ya isa hujja ga masu cewa hadda aikin aku ce. Abin da aka haddace da ƙuruciya shi ke zama jarin magana a girma, daga nan kalmomi da salon jimla suke fitowa. Amma yaron da ya haddace labarin hankaka da dila cikin harshen wasu ya gama kwaleji bai san mene ne ƙwar biyu ko ƙwar biyar ba, bai taɓa jin tahamisi ba, bai san cewa Mu'azu Haɗeja ya taɓa rayuwa ba. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun 1973, amma har yanzu ƙarancin abin karantawa shi ne kukan malamansu.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilmi ta sa haddar rubutacciyar waƙa cikin manhaja tun daga firamare, ta kuma nemi masana su zaɓo waƙoƙin da gaskiya, ba don wane ɗan garinmu ne ko wane ya yabi gwamnati ba, a sa na sauran harsunan ƙasa ma a yankunan da ake jin su. Ba ma buƙatar dala 20,000. Gasa tsakanin makarantun gari guda, da alƙalai uku waɗanda suka san kari, da buhun shinkafa ko keke ga wanda ya zo na ɗaya, ta isa a fara. Darasin abin da ya sami hukumar Gioia a 2025 shi ne kada a jingina abin ga baitulmali kaɗai, a bar shi a hannun ƙungiyoyin iyaye da malamai da 'yan kasuwar gari.

Mu kuma ma'aikatan rediyo namu ya fi sauƙi, don makirufo yana hannunmu. Minti 15 a mako, a gayyato malamin da ya iya rerawa ya kawo baiti 10 na Aƙilu ko Zungur ko Alhaji Umaru, ya fassara kalmomin da suka yi nauyi, mako mai zuwa yaran makarantar garin su zo su kawo su da ka, iyayensu suna saurare a gida. Sabbin marubuta su ma a ba su fili, amma da sharaɗin da Gioia ya gindaya wa 'yan'uwansa a 1991, wato kafin mutum ya karanta tasa, sai ya fara kawo ta wani.